Buta Goma Sha Bakwai

Markar bana ta kwana huɗu tana zuba a Magarya ba ta ɗaga ba, kuma a cikin kwanakin ne ɗana ya ga damar kawo mai gyaran famfo ya ja mana ruwa har tsakar gida. Da mutumin ya gama sai ya ce, "Baba, buɗe ka sa albarka." Ban buɗe ba. Na ɗora hannu a kan tiyon na bi shi a duƙe, ta gindin bango, ta bayan madafa, ta ƙarƙashin akurkin kaji, har bakin titi inda ya haɗu da babban tiyon gari. Sannan na dawo jiƙe sharkaf na buɗe. Jikokina sun yi dariya har ɗaya ta zame a taɓo. Ban ji haushinsu ba. Ba su san abin da na taɓa yi da famfo ba.

Shekarar da nake tunawa ita ce wadda ta biyo bayan darɓa. Yunwar fari ba ta gama sakinmu ba sai darɓa ta sauka kan gyaɗa, ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, aka tona ba a sami ko ta iri ba. Da shekara ta kewayo, azumi ya faɗo tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya ƙare, gero kuma yana gona bai nuna ba. Ko'ina ka duba kore ne shar, ciki kuwa babu komai.

Da hantsi matata Rabi takan fita bayan gari ta yago tafasa, ta dafa, ta matse, ta kwaɗa da tunkuza. Tunkuzar daga wurin aiki nake samo ta, wato abin da ke saura bayan an matse man gyaɗa, wanda a da shanu ake zuba wa. Da magariba mu sha kunun da ake hango gindin ƙwarya ta cikinsa, mu bi da kwaɗo. Da sahur sauran kwaɗon, in ya saura. Itace a jiƙe yake, hayaƙi ya cika ɗaki, gishiri ya narke a ƙunshinsa, tabarma tana warin sanyi. Ashana ba ta kamawa sai wadda Rabi ta ɓoye cikin ɗankwalinta. Yanzu jikata tana murɗa gas wuta ta tashi, har ta yi tsaki in ta ɗan jinkirta.

A kamfanin matsar man gyaɗa nake aiki, ina zuba wa injinan matsa mai. Kowace damina akan tsayar da komai a yi gyara. A wannan shekarar an sallami mutane da yawa, aka bar ƴan gyara kaɗai, kuma da ba don Shef Mutari ba da ina cikin waɗanda aka sallama. Shi ya ce a bar masa ni saboda na iya lamba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji na ƙarshe, satifika ce kawai ban samu ba, don ranar jarrabawa lissafin farko na yi ta sake dubawa har mushe, malaminmu, ya ce a ajiye bik, wato biro. Lissafin daidai yake. Sauran taran ne ban taɓa ba.

Haka Allah ya yi ni. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta. In na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Rabi takan ce da a ce ana sayen damuwa a kasuwar Magarya da mun gina soro.

Shef Mutari shi ne babban mekanisiye, wato shugaban makanikai, mutumin Sassumbrum, ya kusa sittin a lokacin. A Kano ya koyi aiki, wajen jiragen ƙasa masu tururi, a can kuma ya bar kunnensa na hagu. Yakan ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma, ya karkato kunnen dama, ya faɗa maka ko ƙarfen lafiya yake. Abin da ya fi ƙauna a duniya bayan iyalinsa shi ne tukunyar tururi. Shi da direktan kamfanin suna ce mata shodiyar, mu muna ce mata tukunya. Tsawonta ya kai kamiyo, babbar motar kaya, ɓawon gyaɗa take ci, tururinta ke dafa gyaɗa kafin a matse. In ta tsaya, kamfani ya tsaya.

Kwana goman farko na azumi a cikinta muka yi su. Akwai wata ƙofa a samanta da mutum ke shiga da kyar, mu zura jiki da fitila, mu yi ta fasa farin dattin da ruwa ya bari, mai tauri kamar kanwa. A waje ruwan sama, a ciki zufa. Ni har da rawani a baki, don kada ƙura ta wuce maƙogwaro. Da aka kankare sai aka ga tiyo goma sha ɗaya na cikinta sun cinye.

Direkta ya ce zai kira gwani daga bakin teku, Shef kuma ya je ya huta, shekaru sun ja. Shef ya ce a ba shi sati biyu. Direkta ya ce to, amma mai hatimi, jami'in da ke duba tukwanen tururi, yana zuwa daga Yamai ranar Alhamis ta sama, in ya ƙi buga wa tukunya hatimi, Shef ya ajiye kile, wato sufanarsa, ya bar aiki. A gabanmu aka yi maganar. Kowa ya san bakunan da ke ci a gidan Shef sun fi ashirin, don yunwa ta koro masa dangi daga ƙauye.

Ya sauya tiyon nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, da azumi a bakinsa. Ranar Lahadi ya gama. Saura gwaji, kuma ya ce za mu gwada da kanmu tun Litinin kafin baƙo ya iso.

Gwajin ba wuya a faɗa. A cika tukunya fal da ruwan sanyi, a rufe ko'ina, sannan a yi ta ɗura mata ƙarin ruwa da famfon hannu har allurar agogonta ta hau kilo goma sha biyar, alhali a goma take aiki. Sai a bar ta. In allura ta tsaya cak, tukunya lafiya. In ta sauka, akwai inda ruwa ke fita. Famfon hannun Lawali aka ba, taubashina, mutumin Guci, ƙato mai bakin tsiya. Ni aka ba ni kujera, da kaye, wato littafin rubutu, da agogon hannun Shef.

"Ɗan lakwal," in ji Shef, "ka rubuta abin da allura ta ce. Ko tari ta yi ka rubuta."

Na rubuta. Har fitata da dawowata na rubuta, da minti, don kada a ce na bar wurin aiki ba sani.

To, akwai maganar ruwan alwala. A bakin ƙofa akwai tono, tsohon mazubin mai, nan kowa ke ɗiba. Kullum akwai ɗan maiƙo yana yawo a samansa. Sauran mutane su hure shi gefe su cika buta. Ni na tambayi Malam Haru mai gadi, wanda ke ja mana salla, ya ce in ƙamshin ruwa ko launinsa ya sauya to ba a alwala da shi. Na ce to wannan ya sauya ko bai sauya ba? Ya ce in shinshina. Na shinshina sau bakwai, sau huɗu na ji mai, sau uku ban ji ba. Ruwan indararo kuma baƙi ƙirin yake saukowa saboda hayaƙin da ya kwanta a kan kwano. Sai na koma zuwa da butata cike daga gida. Buta ɗaya kuwa ba ta isata, domin cikin da aka cika da tafasa da tunkuza ba ya yin shiru, kuma duk ƙugin da ya yi sai na shiga shakka.

Ranar Litinin ɗin, kafin azahar butata ta ƙare. Na zagaya bayan ɗakin tukunya, wurin da ban taɓa zuwa ba, sai ga wani ɗan famfo na jan ƙarfe ya leƙo daga bango, ciyawa ta kusa rufe shi. Na murɗa kaɗan. Ruwa ya feso da ƙarfi har buta ta kusa kuɓuce mini, garai-garai, sanyi ƙalau, ba maiƙo ba wari. Na ce lalle daga shato yake, wato babban tankin ruwa. Na yi wa Allah godiya, na cika, na rufe tam, na tafi, na dawo na taɓa shi na tabbata ya rufu.

Da na koma kujera, allura ta sauka zuwa goma sha uku.

"Shef! Ta sauka!"

Aka bazama neman yoyo. A nan marka ta nuna mana halinta. Kwanon ɗakin yana ɗiga a wuri ashirin. Tukunyar kanta, da yake ruwan rijiya mai sanyi ne a cikinta, sai zufa take yi ko'ina. Ka goge wuri da tsumma, kafin ka juya ya sake jiƙa. Shef ya bi tiyo goma sha ɗayan nan da alli da fitila. Ya zagaya har bayan bango, ya taɓa ɗan famfon, ya same shi a rufe gam, ƙasa kuma dama ko'ina taɓo ce. Ya dawo ya ce Lawali ya sake ɗurawa.

Lawali ya ɗura yana ƙunƙuni. Allura ta hau, ta tsaya. Cikina ya yi ƙugi. Na rubuta "na fita", na je na sabunta alwala. Na dawo, ta sauka.

Ranar Talata Shef ya sa aka zubar da ruwan duka, ya shiga ya sake matse bakin kowane tiyo. Ya fito jikinsa na rawa, leɓensa ya bushe fari fat. A wannan safiyar ɗan famfona ya ƙi ba da ko ɗigo, na ce wataƙila shato ne ya ƙafe, na yi ta fama da ruwan gida ina tsimi. Da la'asar aka gama cika tukunya, na leƙa bayan bango don in gwada sa'a, sai ga ruwa ya dawo. Na ji daɗi ƙwarai. Allura kuwa ta sauka sau uku kafin a tashi.

Ranar Laraba da safe Lawali ya karɓe kayen daga hannuna, ya juya shi sama da ƙasa, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba.

"Shef, ni fa na gano. Wannan allurar tsoron Mai Buta take ji. In yana zaune ba ta motsi. Da ya ɗaga gindi sai ta sulale."

"Lawali, bakinka da azumi," na ce.

"Hannuwana ma da azumi, kuma sun kusa cirewa. Shef, a ɗaure shi a kujerar nan. In baƙon ya zo a ce masa tare aka sayo su da tukunyar."

Shef bai yi dariya ba. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Isufu, zauna. Kada ka tashi sai na ce."

Na zauna. Na zuba wa allurar nan ido tun hantsi. Ƙuda ya sauka a hancina ban kore shi ba. Ruwa yana ɗigo mini a ƙeya daga kwano ban matsa ba. Awa ɗaya, awa biyu, awa uku, tana kan goma sha biyar kamar an kafe ta da ƙusa. Mutane suka taru a bayana suna numfashi a hankali. Da Malam Haru ya kira azahar, Shef ya dafa tukunya da tafin hannu, na ga haƙoransa karo na farko cikin sati biyu.

"Ta kama," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ku je ku yi salla."

Na ruga bayan bango da murna. Don godiya ma sai na yi alwalar a natse, buta biyu.

Da muka sallame muka dawo, tana kan goma sha ɗaya.

Shef ya zauna a ƙasa, cikin jiƙa. Can ya ɗago ya ce, "Isufu, kai ne mai yawan ibada a cikinmu. Ni dabarata ta ƙare. Je ka yi mana nafila, ko Allah ya nuna mana inda ruwan nan ke bi."

Ban taɓa ɗaukar aiki da gaske kamar wannan ba. Na ce nafilar da za a roƙa wa Shef ba za a yi ta da alwalar shakka ba. Na sabunta. Na yi raka'a biyu, na leƙo, ta sauka. Lawali ya ɗura. Na ce ƙila ban kyautata ba, na sake sabuntawa. Ta sake sauka. Tsakanin azahar da tashi buta tara na ɗiba. A ta ƙarshe Lawali ya kwanta a kan famfon hannun yana cewa a gaya wa mutanen Guci ya yafe wa kowa, ban da ni.

Da za a tashi Shef ya kira ni gefe. Ya karɓi agogonsa, ya miƙo mini ƙaramar gudumarsa.

"Riƙe wannan. Gobe da sassafe zan je gidan direkta kafin baƙon ya iso. Ba zan tsaya a kunyata ni gaban mutanen da na koya wa riƙon kile ba. Hannun ne ya tsufa, Isufu. Kunnen ma da ya rage ƙarya yake yi mini, don duk inda na ƙwanƙwasa cewa yake lafiya."

Na iso gida ana kiran magariba. Rabi ta miƙo kunu na kurɓa ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba. Na ba ta labari tun daga Litinin. Tana jina tana kwaɗa tafasa. Sai ta ɗauki butata don ta zuba mini ruwa, ta ji ta da nauyi.

"Maigida, kwana uku ke nan butar nan tana dawowa cike. Da kuwa ko ɗigo ba ka bari. Ina kake samun ruwa?"

Na gaya mata zancen ɗan famfon, da sanyinsa, da ƙarfinsa, har da yadda ya ɗauke ranar Talata da safe ya dawo da la'asar.

Ta daina kwaɗon.

"Talata da safe, lokacin da kuka zubar da ruwan tukunyar?"

"E."

"Ya dawo da kuka cika ta?"

"E, kusan lokacin."

"A jikin wane bango yake?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini: bangon ɗakin tukunya ne.

"Ni dai ban yi lakwal ba," in ji Rabi, "amma in ruwan randata yana raguwa, ƙasa kuma ba alamar tsaga, ba maginin tukwane nake zagi ba. Yaran gidan nake tarawa in duba bakin wa ke da laima."

Na ɗauko kayen. Ga shi nan da rubutuna. Na fita, na dawo, ta sauka. Na fita, na dawo, ta sauka. Sau goma sha bakwai. Kwana uku ina rubuta sunan ɓarawo ina neman sa.

Rabi ta rage murya. "To ka ji. Gobe kada ka taɓa famfon. Allura za ta tsaya, a buga hatimi, kowa ya ce addu'arka ce ta ci. In ka buɗe baki direkta ya ji, kai za a kora, tunkuzar nan ma mu rasa ta."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta zauna mini. Sai na tuna Shef ba zai kai lokacin gwajin ba, da sassafe zai je ya ajiye aiki. Ko da ma an tare shi allura ta tsaya, zai ƙare rayuwarsa yana zargin hannunsa. Na gaya mata haka. Sai ta turo mini kwanon.

"To ci. Mai zuwa tona wa kansa asiri yana bukatar ƙarfi."

Ana sallame asuba na yafa buhu a ka na kama hanya cikin yayyafi. Na tarar da Shef a ƙofar gidansa cikin babbar rigarsa ta Juma'a, yana gyara hula. Na durƙusa a taɓo.

"Shef, na gano inda ruwan ke bi."

"Ina?"

"Ta wajena."

Da yake ta kunnen hagu na tsuguna, sai da na maimaita labarin duka da ƙarfi, har matan gidan suka leƙo ta zaure. Ya tattare rigarsa ya nufi kamfani, ina biye. Ya shiga ɗakin tukunya, ya kama wani siririn tiyon jan ƙarfe a gindinta, ya bi shi da yatsa har inda ya huda bango.

"Na ɗibar ruwan awo ne," ya ce a hankali. "In tukunya tana aiki, nan ake tsiyayar kaɗan a duba gishirinsa. Da a ce da wuta a ƙarƙashinta ka murɗa shi, da yanzu ba ka da fatar hannu." Ya juyo. "Buta nawa?"

"Goma sha bakwai, Shef."

"Har da na nafilar da na aike ka?"

"Su ne ma suka fi yawa."

Kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka yake, na fara ba shi haƙuri, sai na ji wata irin dariya ta fito masa kamar tururi ya sami kafa. Ya yi ta har ya dafa bango. Da ya lafa ya share ido da hannun riga ya miƙo hannu.

"Ba ni gudumata."

Lawali da ya ji, bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya nuna mini hannuwansa biyu ya ce daga yau har salla ni zan riƙa ɗaga masa su in zai yi kabbara. Ya kawo waya zai ɗaure famfon, Shef ya hana.

"Ga waya nan mai ƙafa biyu. Isufu, yau ba allura za ka tsare ba. Je ka tsaya a bayan bango. Ko sarkin Damagaram ne ya zo da buta, ba a buɗewa."

Motar mai hatimi ta maƙale a wani kwari, bai iso ba sai wajen sha biyu. Ni ban ga isowarsa ba, ina can tsaye cikin ciyawa da buhu a ka, sauro na cin ƙafata. Ta bango nake jin ƙarar famfon Lawali, sannan na ji tsit. An kai goma sha biyar ke nan. Aka kira azahar. Sai na ji takun takalmi a taɓo.

Dogon mutum ne da tabarau, da kayan kaki masu guga, da buta a hannu. Ya leƙa tono ya ga maiƙo, ya zagayo neman abin da ya fi.

"Salamu alaikum. Matsa mini, malam."

"Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ba a buɗewa."

"Wa ya hana?"

"Ni ne. Wato ba ni ba ne. Amma ni ne dalili."

"Ka san ko ni wane ne?"

Na sani sarai. Ga mutumin da aikin Shef ke cikin aljihunsa, ga shi baƙo, ga shi da azumi, yana neman ruwan salla, ni kuma na tare. Na rasa wanne ya fi girma cikin laifuffukan. Ya miƙo hannu ta gefena, ban san lokacin da na juya na rungume famfon da hannu biyu na manna ƙirji a bango ba.

"Ranka ya daɗe, ga butata can, ruwan rijiyar gidanmu ne, matata ta ja shi da asuba. Ɗauki duka. Amma wannan sai dai in ka fara buga hatimin a bayana."

Ya tsaya yana kallona ta saman tabarau. Ya sunkuya ya ga jan tiyon, ya bi shi da ido har cikin bango. Ya ce in faɗa masa abin da ya faru. Na faɗa, ban rage ko buta ɗaya ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Na ga tukunya mai yoyo ta walda," ya ce, "na ga mai yoyo ta murfi. Yau na ji mai yoyo ta alwala."

Ya yi alwala da butata. Har yau ban sani ba ko da gaske ruwa ya zo nema, ko zagayen duba kafofin tukunya yake yi ya ga ya gwada ni. Ni kuma a ranar na hure maiƙon tono gefe kamar kowa, na yi alwala sau ɗaya tak, na bi jam'i. Da na koma gida na rama sallar.

Allura ta yi awa biyu ba ta motsa ba. Mutumin ya bi tiyo goma sha ɗayan nan da fitilarsa, ya tambayi wanda ya yi aikin, aka nuna masa Shef, ya ba shi hannu a gaban direkta. Ya fito da ɗan ƙarfen hatimi ya buga a farantin da ke goshin tukunya, ƙwas, sau ɗaya. Sannan ya zagaya bayan bango da kansa ya ɗaure ɗan famfon da waya da darma, ya ce kada a tsinke sai ranar da aka hura wuta. Direkta ya tambayi dalili. Shef ya karkato masa kunnen hagu.

Kwana kaɗan bayan haka gero ya fara nuna, Rabi ta gasa mana tumun farko muka sha ruwa da shi, ɗaki ya cika da ƙamshin da na manta akwai shi a duniya. Na je wa Malam Haru da tambaya ko sallolin da na yi da ruwan gwaji sun yi, tun da ba a ba ni izinin ɗibarsa ba. Ya ce in na sake zuwa masa da maganar ruwa zai bar gadin ya koma Yekuwa noma.

Gyaɗa ba ta sake dawowa kamar da ba. Shef ya ƙara shekara uku a bakin tukunyarsa, ya ajiye kile ranar da shi ya ga dama. Bayan nan duk inda muka haɗu, a kasuwa ko a wajen jana'iza, ba ya gaishe ni sai ya fara cewa, "Isufu, buta nawa?" In ce, "Goma sha bakwai, Shef." Ya rasu yana da wannan lissafin.

Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne, ranar Litinin ɗin bayan an tashi, na riga na rufe kaye, na koma na ɗauraye taɓon ƙafata. Bai kai buta ba, ya dai wuce rabi. Shekaran jiya da nake bin tiyon gidanmu a duƙe cikin ruwa, jikoki na dariya, abin da nake ta juyawa a raina ke nan. Ina jin goma sha takwas ya kamata in ce.